Sharhi: Babakere a kasuwar manhajar kwamfuta, wa yake cutarwa?

Yau za mu leƙa wata kasuwa ce wadda ba ta da rumfuna kuma ba ta da ranar ci, amma kusan kowanenmu yana sayayya a cikinta ko ya sani ko bai sani ba.

Duk wanda ya shiga wani biro a Yamai, ko Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ya dubi kwamfutar da ke bisa tebur, da wuya ya tarar da wani abu a cikinta in ba Windows ba. Idan takarda za a buga, Word ne. Idan lissafi ne, Excel. Salular da ke cikin aljihunmu kuwa mafi yawanta Android ce ta kamfanin Google, kuma da WhatsApp da Facebook muke gaisawa da ƴan uwa na gida da na waje, su biyun kuma mallakar kamfani guda ne mai suna Meta. Sabo ya sa muna ɗauka dama can haka abin yake. Alhali kuwa akwai dalilin da ya sa kamfanoni ƴan ƙalilan suka mamaye wannan kasuwa, kuma fiye da shekaru 30 ke nan kotunan Amurka da hukumomin Tarayyar Turai suna fafatawa da su a kan haka.

Manhaja, wadda masu jin faransanci ke kira lojisiyel, ita ce umarnin da ake rubuta ma na'ura mai ƙwaƙwalwa domin ta san aikin da za ta yi. Na'ura ba tare da manhaja ba ƙarfe ce da roba kawai. Tambayar da muke son dubawa ita ce: idan kamfani guda ya yi babakere a kan manhajar da kowa ke buƙata, mine ne makomar gasa, kuma mine ne makomar masu ƙirƙiro sababbin abubuwa?

Abin da ya sa babakere ke da sauƙi a wannan kasuwa

Mai sayar da gero idan ya sayar da buhu guda, to buhun ya tafi ke nan, sai ya nemo wani. Manhaja ba haka take ba. Wahalar da tsadar duka suna wurin rubuta ta farko. Da zarar an gama, kwafi na biyu da na miliyan ɗari kusan kyauta suke zuwa ma kamfani. Saboda haka wanda ya riga ya tara masu saye da yawa yana iya karya farashi, ko ma ya bayar kyauta, har sai ƙaramin abokin gasa ya gaji ya tattara kayansa.

Abu na biyu shi ne, amfanin manhaja yana ƙaruwa ne da yawan masu aiki da ita. Muna cikin WhatsApp ne saboda danginmu suna ciki; ko da an kawo muna wadda ta fi ta kyau, idan babu kowa a can, da wa za mu yi magana? Haka ma Windows. Masu rubuta ƙananan manhajoji suna rubuta ma Windows ne saboda a nan masu saye suke, masu saye kuma suna sayen Windows ne saboda a nan manhajojin suke. Wannan zobe shi ne katangar da ke tsare wanda ya riga ya shiga gaba.

Abu na uku kuma shi ne wahalar ƙaura. Sakataren da ya shekara goma yana aiki da manhaja guda, takardun ma'aikatarsa duka an adana su da salon wannan manhajar, ba ƙaramin aiki ba ne a ce masa ya koma wata gobe da safe.

Kamfanin Microsoft, wanda Bill Gates da Paul Allen suka kafa a 1975, ya gane wannan tun da wuri. Lokacin da kamfanin IBM ya fitar da ƙaramar kwamfutarsa a 1981, Microsoft ne ya ba shi manhajar da ke tafiyar da ita, wato DOS, amma bai sayar masa da ita baki ɗaya ba, ya riƙe ƴancin sayar da ita ga duk wani mai ƙera kwamfuta. Da sauran kamfanoni suka shiga ƙera irin na'urar IBM, dukansu sai da suka biyo ta ƙofar Microsoft. Daga DOS aka wuce Windows, kafin ƙarshen shekarun 1990 fiye da kashi 90 cikin ɗari na irin waɗannan kwamfutoci a duniya da manhajarsa suke aiki.

A nan ya kamata mu fayyace wani abu. Dokar Amurka ta hana babakere, wadda ake kira dokar Sherman ta 1890, ba ta hana kamfani ya yi girma ba. Idan kayanka sun fi na kowa kyau jama'a suka bi ka, babu laifi. Abin da ta hana shi ne ka yi amfani da ƙarfin da ka samu ka toshe ma wasu hanya. Mu ɗauki misalin sarkin kasuwa wanda shi ke raba rumfuna, sai kuma ya buɗe tasa rumfar a bakin ƙofa, ya tura masu sayar da irin hajarsa can ƙurya bayan mahauta. Ko hajarsa ba ta kai tasu ba, shi zai yi ciniki.

Yadda aka kashe Netscape

A 1994 wani ƙaramin kamfani mai suna Netscape ya fitar da manhajar shiga intanet wadda ya kira Navigator. Cikin ƙanƙanen lokaci mafi yawan masu shiga intanet suka rungume ta. Abin da ya tayar ma Microsoft da hankali shi ne, wannan manhaja tana aiki a kan kowace irin kwamfuta, da mai Windows da marar Windows. Idan har mutane suka koma yin ayyukansu a cikin intanet, to ba ruwansu da wace manhaja ce ke ƙarƙashi, katangar nan da muka ambata kuma ta rushe ke nan.

Sai Microsoft ya fitar da tasa, Internet Explorer, a 1995, ya bayar da ita kyauta, daga baya ya ɗinke ta cikin Windows ta yadda duk wanda ya sayi kwamfuta zai tarar da ita a ciki kuma ba ya iya cire ta cikin sauƙi. Bai tsaya nan ba. Ya hana masu ƙera kwamfuta su cire alamar Internet Explorer daga fuskar na'urorinsu, har ya yi ma kamfanin Compaq barazanar janye masa lasin Windows a kan wannan magana. Ya kuma ƙulla yarjejeniyoyi da kamfanonin da ke haɗa jama'a da intanet domin su fifita manhajarsa. Netscape ya rasa hanyar isa wurin masu saye, kasuwarsa ta yi ta zubewa, a ƙarshen 1998 kamfanin AOL ya bayyana cewa zai saye shi.

A watan Mayu na 1998 ma'aikatar shari'a ta Amurka tare da jihohi 20 suka maka Microsoft a kotu. Alƙali Thomas Penfield Jackson ya tabbatar a watan Nuwamba na 1999 cewa kamfanin yana da babakere kuma ya yi amfani da shi wajen murƙushe abokan gasa. A watan Yuni na 2000 ya ba da umarnin a raba shi gida biyu, ɗaya ya riƙe Windows, ɗaya ya riƙe sauran manhajoji. Shekara guda bayan haka kotun ɗaukaka ƙara ta soke batun rabawar, amma ta yarda cewa lallai kamfanin ya taka doka wajen kare babakerensa. A ƙarshen 2001 aka sasanta, inda Microsoft ya amince ya bar masu ƙera kwamfuta su sa manhajojin wasu, ya kuma buɗe wasu bayanan da masu rubuta manhaja ke buƙata.

To amma abin da ya biyo baya shi ne, a ganinmu, babban darasin wannan labari. Da Netscape ya faɗi, Internet Explorer ta kai kusan kashi 95 cikin ɗari na kasuwa. Microsoft ya fitar da zubi na shida a watan Agusta na 2001, daga nan sai ya yi kwanciyarsa. Zubi na bakwai bai fito ba sai watan Oktoba na 2006. Shekaru biyar cur, a daidai lokacin da intanet ke bunƙasa a duniya, ƙofar da kusan kowa ke shiga ta cikinta ba ta samu wani gyara na a zo a gani ba, ga ramuka da masu aika birus ke bi ta cikinsu. Abin da ya tashe shi daga barci shi ne Firefox, wadda aka fitar a watan Nuwamba na 2004, ita kuma daga gawar Netscape ta tsiro, domin kafin kamfanin ya faɗi ya saki rubutun manhajarsa a fili ga duk mai son ci gaba da aikin. A 2008 Google ya zo da Chrome. A watan Yuni na 2022 Microsoft da kansa ya yi ma Internet Explorer ritaya.

Ashe ke nan ɓarnar babakere ba a farashi kaɗai take ba, tunda ita wannan manhajar kyauta ake ba da ita. Ɓarnar tana cikin abin da ya kamata a ƙirƙiro amma ba a ƙirƙiro ba, da kuma masu basirar da suka ga abin da ya samu Netscape suka fasa fitowa. Irin wannan asara ba ta da rasit, shi ya sa take da wuyar ƙirgawa a gaban alƙali.

Turai ta ɗauki sanda

Tarayyar Turai ta fi Amurka zafi a kan wannan batu. A watan Maris na 2004, zamanin da Mario Monti ke riƙe da sashen kula da gasa, an ci tarar Microsoft Yuro miliyan 497, wato kimanin miliyar 326 na sefa. Laifi biyu aka same shi da su: ɗinke manhajarsa ta kallon fim da sauraren waƙa cikin Windows, da kuma ɓoye bayanan da za su sa manyan kwamfutocin wasu kamfanoni su yi aiki lami lafiya da na Windows. Da ya yi jan ƙafa wajen bin umarni, aka ƙara masa Yuro miliyan 899 a 2008, wanda kotu ta ɗan rage daga baya. A 2009 ya yi alkawarin nuna ma Turawa jerin manhajojin shiga intanet su zaɓa da kansu. Da jerin ya ɓace daga miliyoyin kwamfutoci, aka sake cin sa Yuro miliyan 561 a 2013.

Sai dai ba kowane hukunci ne ya yi amfani ba. An tilasta ma kamfanin ya fitar da Windows wadda babu manhajar kallon fim a ciki, amma da yake farashinta ɗaya da cikakkiyar, kusan babu wanda ya saye ta. Kuma shari'ar da aka soma da koken kamfanin Sun Microsystems a 1998 ba ta samu tabbacin kotu ba sai a 2007. A kasuwar da abubuwa ke canzawa kowace shekara, kafin a yanke hukunci wanda ya kawo ƙara ya riga ya jigata.

Sababbin sarakunan kasuwa

Yau Microsoft ba shi kaɗai ba ne a dandali. Google, wanda ya samu sararin tasowa a shekarun da Microsoft ke ƙarƙashin idon kotu, shi ne yanzu ake tuhuma da irin abin da aka tuhumi wancan. Kusan kashi 90 cikin ɗari na binciken da ake yi a intanet ta hannunsa yake bi. A watan Agusta na 2024 alƙali Amit Mehta na birnin Washinton ya yanke cewa Google ya kare babakerensa ta haramtacciyar hanya. An bayyana a kotu cewa a 2021 kaɗai ya biya fiye da Dala miliyar 26 ga masu ƙera salula da masu manhajojin shiga intanet domin injin bincikensa ya zama shi ne mutum zai fara tararwa idan ya kunna na'ura. Kaso mafi tsoka kamfanin Apple ya karɓa, wanda ya samu Dala miliyar 20 a 2022. Idan da gaske ne mutane za su zaɓi Google ko ta yaya, to mi ya sa yake biyan wannan maƙudan kuɗi? Amsar ita ce kamfanin ya san ɗabi'ar ɗan Adam: abin da muka tarar a gabanmu da shi muke aiki, kaɗan ne ke wahalar canzawa. A watan Satumba na 2025 alƙalin ya ƙi yarda a ƙwace masa Chrome, amma ya hana shi ƙulla yarjejeniyar da ke rufe ƙofa ga wasu, ya kuma umarce shi ya buɗe wani sashe na bayanansa ga abokan gasa.

A Turai ma an ci tarar Google Yuro miliyar 2,42 a 2017 saboda fifita shafinsa na kwatanta farashin kaya a kan na wasu, sai kuma Yuro miliyar 4,34 a 2018 saboda tilasta ma masu ƙera salular Android su sa manhajojinsa. Wannan tara ta biyu, kafin kotu ta ɗan rage ta a 2022, ta haura miliyar 2.800 na sefa, ta zarce kasafin kuɗin ƙasarmu na waccan shekara.

Apple kuwa shi ne ainihin sarkin kasuwa mai rumfa. Shekara da shekaru duk mai son sayar da manhaja ga masu iPhone sai ta shagon kamfanin, kuma yana yankar har kashi 30 cikin ɗari na ciniki, ko da yake ya rage ma ƙananan masu sana'a zuwa kashi 15 daga 2021. A watan Maris na 2024 Turai ta ci shi tarar fiye da Yuro miliyar 1,8 bayan koken kamfanin waƙoƙi na Spotify.

Akwai kuma hanyar da ta fi duka sauƙi, wato saye abokin gasa tun yana jariri. Facebook ya sayi Instagram a 2012 a kan Dala miliyar 1, ya sayi WhatsApp a 2014 a kan kimanin Dala miliyar 19. Hukumar kula da ciniki ta Amurka ta kai ƙara a kan haka a 2020, amma a watan Nuwamba na 2025 alƙali ya ba Meta gaskiya, bisa hujjar cewa a yanzu yana fuskantar gasa daga TikTok da YouTube.

Ganin shari'o'in nan suna cin shekaru ne ya sa Turai ta canza salo. Ta kafa wata doka ta kasuwannin zamani wadda ta soma aiki sosai a watan Maris na 2024, inda aka ware manyan kamfanoni a matsayin masu tsaron ƙofa, aka shimfiɗa masu abin da za su yi da wanda ba za su yi ba tun kafin a kai ga ɓarna. A watan Afrilu na 2025 aka ci tarar farko a ƙarƙashinta, Apple Yuro miliyan 500, Meta kuma miliyan 200.

Su ma suna da abin faɗa

Adalci ne mu saurari ɗaya ɓangaren. Kamfanonin suna cewa girman nan nasu shi ke ba su damar zuba miliyoyin kuɗi cikin bincike, abin da ƙaramin kamfani ba zai iya ba. Suna cewa kasancewar kowa yana aiki da tsari guda sauƙi ne ga jama'a: takardar da aka buga a Damagaram za ta buɗe a Yamai, yaron da ya koyi kwamfuta a Tawa zai iya aiki a Kwatanu. Suna kuma cewa babu sarautar da ke dawwama a wannan fage, ga Nokia da BlackBerry nan da suka yi tashe suka faɗi, ga Microsoft da kansa ya kasa komi a kasuwar salula. Android ɗin da ake kuka da ita kuwa, ita ce ta sa talaka ya mallaki salula mai intanet da kuɗi kaɗan.

Akwai gaskiya cikin wannan magana, ba mu musanta ba. Amma tarihi yana nuna muna cewa sau da dama sabon abu yana fitowa ne bayan an sassauta riƙon babba. A 1969, yana cikin matsin hukumomin Amurka, IBM ya daina haɗa manhaja da na'ura a farashi guda, wannan ne ya buɗe ƙofar sana'ar sayar da manhaja wadda Microsoft da kansa ya ci moriyarta daga baya. Kamfanin tarho na AT&T, wanda wata yarjejeniya ta 1956 ta hana shi shiga wasu sana'o'i, ya riƙa ba jami'o'i manhajarsa ta Unix a kan kuɗi kaɗan, daga koyi da ita ne kuma aka samu Linux a 1991, wadda a kanta aka gina Android. Mu ma a nan gida shaida ne. Manyanmu suna ba da labarin zamanin da kamfanin tarho guda ne a ƙasa, samun layi sai mai hali da haƙuri. Da kamfanonin salula suka shigo daga 2001 suka shiga gasa da juna, yau har mai tallar goro yana da lamba.

Shi kuma tsari guda ɗin yana da nasa haɗari. Manomin da ya shuka iri guda a gonarsa duka, ranar da cutar wannan irin ta zo ba abin da zai tsira da shi. Ranar 19 ga watan Yuli na 2024 wani gyara mai kuskure daga kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya durƙusar da na'urori masu Windows kimanin miliyan 8,5, jiragen sama suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka tsaya a ƙasashe da dama.

Ina ruwanmu da rigimar manya?

Wani zai ce wannan faɗan giwaye ne, mu da mafi yawan manhajojin da ke cikin kwamfutocinmu ma ba saye muka yi ba, kwafi ne aka zuba muna a bakin kasuwa. To a nan ne gizo ke saƙa. Bill Gates da bakinsa ya faɗa a 1998, yana magana kan ƙasar Sin, cewa in dai sata za a yi ya fi son a saci tasu, domin mutane su saba da ita, daga baya a san yadda za a karɓi kuɗi. Kwafin banza shi ke sa ɗan lakkwal ya tashi bai san akwai wata manhajar rubutu ba sai guda, ranar da ya zama darakta kuma ita zai sa a saye da kuɗin gwamnati. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Lokacin karɓar kuɗin kuwa ya zo. Manyan kamfanoni da dama sun bar sayar da manhaja sau guda, sun koma haya ta wata-wata ko ta shekara, wadda ake biya da katin banki ta intanet, ranar da ka kasa biya aikinka ya tsaya. Mu da ke aikin rediyo mun ga haka da idonmu a manhajojin gyaran murya, shi ya sa gidajen rediyo da dama suke komawa ga Audacity, wadda kyauta ce kuma halal. Sannan ranar 14 ga watan Oktoba na 2025 Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da yake ba Windows 10 ta yau da kullum, Windows 11 kuma ba ta hawa kan tsofaffin na'urori da yawa. Kwamfutocinmu kuwa galibi na hannu ne da aka gama aiki da su a Turai. Shawarar da aka yanke a wani biro a Amurka ita ce za ta ce ko na'urar magajin garinmu tana da sauran kariya ko babu.

Ga kuma maganar harshe. Shekaru da dama mai son buga Hausa a kwamfuta sai ya nemo rubutu na musamman kafin ya samu ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, idan ya aika takardar wata na'ura kuma haruffan su rikiɗe su zama ƴan akwatuna. Ba wuyar fasaha ce ta jawo jinkirin ba, kasuwarmu ce ba ta kai manyan kamfanoni su damu da ita ba, kuma babu wanda ke da ikon taɓa manhajarsu sai su. Google bai sa Hausa cikin injinsa na fassara ba sai a ƙarshen 2013. Yanzu da kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, tambayar wa ke da iko da kayan aikin da za mu rubuta ta da su ta zama tambayar gwamnati.

Maƙwabtanmu na Najeriya sun ɗanɗana abin ta fuska biyu. A 2007 kamfanin Mandriva na Faransa, mai sayar da Linux, ya samu kwangilar sa manhajarsa cikin ƙananan kwamfutoci 17.000 na ƴan makaranta, sai ya ji labarin za a goge ta a sa Windows, har shugabansa ya rubuta ma shugaban Microsoft buɗaɗɗiyar wasiƙa yana kuka. A 2024 kuma hukumar kula da gasa da kare masu saye ta Najeriya ta ci tarar Meta Dala miliyan 220, kotun da ke duba irin waɗannan ƙararraki ta tabbatar da tarar a watan Afrilu na 2025. Wannan ya nuna ƙasar Afirka ma tana iya ɗaga murya idan tana da doka da hukuma mai haƙora.

Abin da ke hannunmu

Ba mu da ƙarfin raba Google gida biyu, wannan kowa ya sani. Amma akwai abin da bai fi ƙarfinmu ba. Na farko, gwamnati ita ce babbar mai sayen manhaja a ƙasa. Tana iya shar'anta cewa takardun hukuma a adana su da salon da kowace manhaja ke iya buɗewa, irin wanda hukumar daidaita ma'auni ta duniya ta amince da shi a 2006, domin kada takardun haihuwar ƴaƴanmu da na filayenmu su zama a kulle cikin akwatin da mabuɗinsa ke hannun kamfani guda. Jandarmomin Faransa sun koma manhajojin da ba na kowa ba tun daga 2005, jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ita ma ta yanke shawara a 2024 ta mayar da kwamfutoci kimanin 30.000 kan LibreOffice. Ba mu ce abin sauƙi ne da shi ba: birnin Munik ya koma Linux, sannan majalisarsa ta yanke shawarar komawa Windows a 2017. Duk wanda ya yi ƙaura bai horar da ma'aikata ba, zai dawo.

Na biyu, makarantunmu da cibiyoyin koyon kwamfuta su koya ma yara aikin kansa, wato yadda ake tsara takarda da yadda ake lissafi, a kan manhaja fiye da guda, maimakon haddar inda maɓallin kamfani guda yake. Jami'o'inmu na Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa suna da matasan da za su iya fassara manhajojin da rubutunsu ke fili zuwa Hausa da Zabarmanci ba tare da neman izinin kowa ba.

Na uku, ƙungiyar UEMOA da muke ciki tana da dokokin gasa tun 2002, waɗanda suka hana mai ƙarfi cin zalin kasuwa. Ƙasa guda ba ta isa ta sa waɗannan kamfanoni su waiwayo ba, amma ƙasashe takwas masu kuɗi guda idan suka yi magana da murya guda, za a saurara.

Yanzu haka wata sabuwar kasuwa ke ci, ta manhajojin da ke kwaikwayon basirar ɗan Adam, kuma waɗannan kamfanoni dai su ne ke da manyan na'urori da tarin bayanan da ake gina su da su. Microsoft ya zuba miliyoyin Dala cikin kamfanin OpenAI mai ChatGPT, Google kuma yana sa tasa manhajar cikin salulolin Android. Wanda ya karanta labarin Netscape zai gane hanyar da aka ɗauka. Idan mahukuntanmu suka jira har sai rumfunan sun gama rabuwa kafin su tambayi ina tamu, za su tarar ƙurya ce kawai ta rage.